Maganin Mura: Garin Neman Gira Kada A Rasa Ido

Da zarar iskar hunturu ta kaɗo, hazo ya lulluɓe Damagaram da Maraɗi da Tawa, leɓɓa suka fara tsagewa, to kasuwar mutum biyu ce ke buɗewa a ƙasar nan: mai gwanjon rigunan sanyi da mai sayar da maganin mura. Na farkon ba ni da ƙorafi a kansa, iyakarta ya sayar maka da rigar da wani Bature ya gaji da ita. Na biyun ne nake son mu zauna mu yi magana a kansa yau, domin abin da yake miƙo mana a dala 20 ko dala 40 ba alewa ba ce, kuma mafi yawanmu, har da mu da muka yi boko muke taƙama da karanta Faransanci, ba mu san abin da muke haɗiya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wani kawuna, ɗan kasuwa a Maraɗi, mai shekara 60 da ɗoriya, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano. Hunturun bara mura ta kama shi ana jibi zai yi tafiya. Ɗan kasuwa kuwa, kowa ya sani, ba ya kwanciya don mura. Ya aiki yaro tasha aka sayo masa ƙwayoyi, ya sha biyu da safe. Da ya ji hancin ya buɗe sai ya ƙara biyu da azahar, biyu bayan isha'i, yana korawa da shayi mai kauri, goro kuma na cikin baki. Dare na biyu barci ya ƙaurace masa, zuciya tana bugun uku-uku, ga fitsari ya cika mara amma ya ƙi fita. Da asuba aka kwashe shi zuwa likita. Majon da ke gadi ya sa masa roba aka fitar da fitsarin, sannan ya auna tansiyo ya tarar da 19 bisa 11. Ya ce: «Alhaji, tun yaushe kake da hawan jini?» Kawu ya ce: «Ni? Ban taɓa yin hawan jini ba tun da uwata ta haife ni.» Ta wani fannin gaskiyarsa ce, domin ba a taɓa auna shi ba.

Ranar da na je gaishe shi, ya zaro ragowar katin maganin daga aljihu ya ce: «Kai ɗan boko, zo karanta mini sunan abin da ya so ya raba ni da ƴaƴana.» A bayan katin, cikin ƙananan baƙaƙe da rana ta riga ta cinye rabinsu, akwai sunaye biyu. Ɗaya farasitamol, wanda kowa ya sani. Ɗayan kuwa an rubuta shi «pseudoéphédrine». Mu kira shi sudo-efedirin. Mai karatu ya riƙe wannan suna, ya duba shi a jikin kwalin duk wani maganin mura da ke gidansa, domin a kansa maganar take.

Mu fara da kuskuren da kusan kowa ke yi. Idan hancin mutum ya toshe, zato yake majina ce ta cika shi, shi ya sa yake ta fyacewa har hanci ya yi ja, amma a banza. Alhali babban dalilin toshewar kumburi ne. Cikin hanci akwai wani tattausan nama mai ɗauke da ɗimbin ƙananan hanyoyin jini, aikinsa ya ɗumama iska, ya jiƙa ta, ya tace ƙura kafin ta isa huhu. Idan ƙwayar cutar mura ta shiga, jiki ya tashi yaƙi da ita, sai waɗannan hanyoyi su buɗe su cika da jini, naman ya kumbura kamar soson da ya sha ruwa, ƙofar iska ta ƙuntace. Mai shakka ya lura da kansa ranar da mura ta kama shi: in ya kwanta ta gefen dama, ƙofar hancin dama ce ke toshewa, in ya juya hagu, ba da jimawa ba toshewar ta bi shi can. Jini ne ke wannan kai-da-kawo.

Sudo-efedirin ɗan uwa ne na kusa ga adirenalin, wato sinadarin da jiki ke saki idan mutum ya firgita, wanda ke sa gaba ta faɗi, baki ya bushe, barci ya gudu. Idan aka sha shi, yakan tilasta wa jijiyoyi su saki wani sinadari mai suna noradirenalin, shi kuma ya umurci ƴar tsokar da ke kewaye da hanyoyin jini ta tsuke. Da sun tsuke jinin da ya taru a hanci ya ragu, kumburi ya saɓe, iska ta sami hanya. Cikin rabin awa ko fiye kaɗan mutum zai ji sauƙi, sauƙin ya ɗauki awa 4 zuwa 6, sannan ƙoda ta fitar da maganin ta fitsari, hanci ya koma yadda yake. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya kashe ƙwayar cutar, ba ya rage wa mura ko kwana ɗaya daga cikin kwanakinta, waɗanda yawanci 7 ne zuwa 10, ko an sha magani ko ba a sha ba.

To a nan fa gizo ke saƙar. Ƙwayar da aka haɗiya ba ta san hanyar hanci ba. Ciki take faɗawa, ta narke, ta shiga jini, jini kuwa babu lungun da ba ya zuwa. Umurnin tsukewar da hanci ya ji, hanyoyin jinin zuciya sun ji shi, na ƙwaƙwalwa sun ji, na hanji da na ƙoda sun ji. Manoman rani na Jiratawa za su fi kowa gane wannan: mutum ne yake son rage ruwan fangali guda, maimakon ya toshe bakin wannan fangali sai ya matse dukan tiyon lambun. Ruwan fangalin zai ragu, babu shakka, amma inji zai ƙara wahala, kuma duk inda tiyo ya riga ya tsufa nan zai fashe. Haka zuciya ke ƙara bugu, jini ya hau, hannu ya yi rawa, barci ya gagara. A bakin mafitsara ma akwai irin wannan tsoka, ita ma takan tsuke. Namijin da ya manyanta, wanda furostat ɗinsa, wato wani ƙullutun nama da ke ƙarƙashin mafitsara, ya riga ya fara kumbura, ƙaramin tsukewa ya ishe shi ya rufe hanyar fitsari ɗungum. Abin da ya kai Kawu likita da asuba ke nan, kuma ya ci sa'a da abin ya tsaya a nan.

Na ce ya ci sa'a domin akwai abin da ya fi haka. An sha samun mutanen da wannan magani ya jawo wa toshewar jijiyar zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko farfaɗiya. Hukumar kula da magunguna ta Faransa, ANSM, ta ƙirga munanan larurori fiye da 300 masu nasaba da irin waɗannan magunguna tsakanin 2012 da 2018, har da rasa rai. A 2018 an riga an hana tallarsu ga jama'a a can. A watan Oktoba na 2023 hukumar ta fito ƙarara ta ce wa mutane su daina shan su, ta kuma yi gargaɗi cewa haɗarin, ko da yake ba kasafai yake aukuwa ba, yana iya faɗa wa mutum komai ƙanƙantar abin da ya sha. A ƙarshen 2023 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta kammala nata binciken a kan wasu cututtuka biyu na hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa, ta ce kada mai hawan jini mai tsanani ko wanda ba a shawo kansa ba, da mai ciwon ƙoda mai tsanani, su kusanci maganin. Daga ranar 11 ga Disamba 2024 kuwa, Faransa ta hana sayar da su sai da takardar likita. Sunayen da abin ya shafa ba baƙi ba ne ga duk ma'aikacin da ya taɓa leƙa farmasi a Yamai: Actifed Rhume, Dolirhume, Humex Rhume, Rhinadvil, Nurofen Rhume. Wato magungunan da ɗan boko ke saye yana jin shi ya fi mai sayen na tasha wayo.

Adalci ya sa in faɗi hujjar masu kare maganin, domin suna da ita. Miliyoyin mutane sun sha shi shekara da shekaru ba abin da ya same su. Wani nazari da aka buga a 2005, wanda ya haɗa sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, ya nuna cewa a matsakaici tansiyo ba ya hawa sai ɗan kaɗan, kamar daga 12 zuwa 12,1, bugun zuciya kuma ya ƙaru da kamar 3 a minti. Wannan gaskiya ne. To amma waɗancan mutane ne da aka tantance lafiyarsu kafin a ba su, suna shan daidai abin da aka ƙayyade, likita na tsaye a kansu. Babu mai shan biyu-biyu sau uku a rana da shayi da goro a cikinsu. Sannan matsakaici ba ya ba da labarin mutum guda da abin ya faɗa wa. Ɗan kasuwa ya san wannan lissafi fiye da ni: ana iya ɗaukar kasada mai girma don riba mai girma, amma wane ne zai jinginar da gidansa don ribar dala 5? Da maganin kansa ne ko na sanƙarau, da sai mu ce a sha, abin da Allah ya yi shi ne daidai. Amma ribar nan ita ce numfashi ta hanci na awa 5, a cikin cutar da za ta tafi da kanta kafin Juma'a biyu.

Yanzu mu dawo gida, inda lissafin ya fi muni. Rahoton hukumar lafiya ta duniya, OMS, na 2023 ya ce mutum 1 cikin manya 3 a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Wannan duniya ce gaba ɗaya, har da ƙasashen da ake auna mutum duk lokacin da ya shiga asibiti ko don ciwon haƙori. Mai karatu ya ƙirga mutanen zaurensu, ko abokan aikinsa na biro, ya tambayi kansa nawa ne aka ɗaura wa abin awo a hannu cikin shekara biyun da suka wuce. Takardar da ke cikin kwali tana cewa mai hawan jini kada ya sha. Madalla. To wanda bai san yana da shi ba fa? Gargaɗin ya zama kamar allon hanya da aka kafa wa makaho.

Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa mu kwafi dokar Faransa kawai mu huta ba, ko da yake ina goyon bayan a sa waɗannan magunguna ƙarƙashin takardar likita a nan ma. Mun saba da kwafar doka daga Paris mu ajiye ta cikin durowa. Bafaranshe in aka hana shi a farmasi, gida zai koma ya wanke hanci da ruwan gishiri. Mutumin Tasawa ko Madawa in aka hana shi a farmasi, taku ashirin zai yi ya tarar da yaro ɗauke da tire a ka. Waɗanda suka manyanta sun tuna abin da ya biyo bayan 12 ga Janairu 1994, ranar da aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Maganin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, albashi kuwa ana bin gwamnati bashin watanni, sai talaka da ma'aikaci suka haɗu a gaban abin da ƴan boko ke kira «pharmacie par terre», kantin maganin da aka shimfiɗa a ƙasa. Tun daga lokacin bai tashi ba. Takunkumin CEDEAO na 2023, wanda ya tsare kaya a tashar jirgin ruwan Kwatano har magunguna suka yi ƙaranci, ya sake tuna mana cewa duk ranar da farmasi ta rasa, tire ne ke cike gurbi. Dokar da ta rufe ƙofar gaba ta bar ta baya a buɗe, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Kuma abin da ke kan tiren nan ya fi na farmasi haɗari ninki biyu. A farmasi ko ba komai akwai kwali, akwai takarda, akwai ranar lalacewa. A tire ana yanka kati da reza a sayar da ƙwaya biyu, sunanta launinta, ja-da-fari ko mai hoton mutum riƙe da kai. Ta wuni cikin ranar da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, alhali an rubuta a ajiye ta wuri mai sanyi. Mai sayarwa bai san abin da ke ciki ba, ba kuma laifinsa ba ne kaɗai, yaro ne da ya baro ƙauye neman abin kai wa baka. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar da rahoto a 2023 da ke cewa tsakanin kashi 19 da kashi 50 cikin 100 na magungunan da ke kasuwannin ƙasashen Sahel jabu ne ko marasa inganci. Saboda haka mai sayen maganin mura a tasha caca yake. Wataƙila ya sami sudo-efedirin. Wataƙila ya sami wani ɗan uwansa da ake rubutawa «phénylpropanolamine», wanda Amurka ta nemi a janye daga kasuwa tun 2000 bayan an gano yana ƙara haɗarin fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. Wataƙila kuma ya sami «phényléphrine», wanda kwamitin masana na hukumar magunguna ta Amurka ya yanke baki ɗaya a watan Satumba na 2023 cewa in an haɗiye shi ba ya buɗe hanci. Na ukun ya yi asarar kuɗinsa kawai, shi ne mai sa'a.

Bari in ɗan ratse, don masu son ƙwallo. Ranar 25 ga Yuni 1994, a gasar cin kofin duniya ta Amurka, Arjantina ta ci Nijeriya 2 da 1, mu da muka kalla a talabijin ɗin maƙwabta muka kwana da takaici. Bayan wasan aka gwada fitsarin Maradona aka sami efedirin da danginsa, aka kore shi daga gasar. Asalin wannan dangi wani ɗan itace ne da mutanen Sin suka daɗe suna magani da shi, wanda wani masani ɗan Japan, Nagai Nagayoshi, ya tace sinadarinsa a 1885. Har yau hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni tana hukunta ɗan wasan da aka sami sudo-efedirin ya wuce ƙima a jikinsa ranar gasa. Me ya sa? Domin mai tayar da jiki ne, yana kore gajiya da barci. Direbobinmu da ke cin kusan kilomita 900 daga Yamai zuwa Damagaram, da ƴan kabu-kabu, ba su karanta wannan a littafi ba, amma jikinsu ya gaya musu. Wanda ya haɗa shi da kofi mai ƙarfi, da lemun gwangwani mai sa kuzari, ko kuma, Allah ya kiyaye, da tramol, ya ɗora wa zuciyarsa kayan da jaki ma zai durƙushe. Akasin haka kuma, wasu kwalayen suna da ƙwayar rana da ta dare, ta daren tana ɗauke da maganin da ke sa gyangyaɗi. Direban da ya rikita su fasinjojinsa ne za su biya.

Ga ƴan kasuwarmu masu shigo da kaya akwai wata magana da ba a cika faɗa musu ba. Efedirin da sudo-efedirin suna cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 ta sa wa ido, domin da su ake dafa muguwar ƙwayar nan metamfetamin. Saboda haka tun 2006 a Amurka ba a sayar da su sai an nuna katin shaida an rubuta suna, Meziko kuwa ta hana su gaba ɗaya a 2008. Kada a ce wannan matsalar nesa ce: a 2011 aka gano gidan dafa wannan ƙwaya na farko a Legas. Katan ɗin maganin mura da aka cusa tsakanin taliya da batir, aka wuce da shi duwan da ɗan abin goro, a idon dokar duniya ba taliya ba ne. Alhazai masu sito su san abin da yaransu ke lodawa. Wanda ya gina masallaci da ribar maganin da ya shanye wa maƙwabcinsa ɓarin jiki, ban san yadda zai yi wannan lissafi ba, malamai sun fi ni sani.

To wanda duk da haka ya ga sai ya sha, ko likita ya rubuta masa, yaya zai yi? Kafin komai a auna tansiyo. In ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, a manta da maganar har sai an ga likita. Babba ba ya wuce miligiram 60 a sha guda, tsakanin sha da sha awa 4 zuwa 6, kuma ba a wuce miligiram 240 a wuni komai toshewar hanci. Wasu kwalayen ma ƙa'idarsu ta fi wannan ƙasa, ita za a bi. Ba a wuce kwana 5. Ba a sha dab da kwanciya. Ba a haɗa maganin mura iri biyu, domin sunayensu ne suka bambanta, abin da ke ciki ɗaya ne, kuma ba a haɗa na haɗiya da na fesawa a hanci, wanda shi ma tsuke jijiya yake, kuma in aka wuce kwana 3 zuwa 5 ana fesa shi hanci kan ƙara toshewa fiye da da. A kuma tuna cewa yawancinsu sun riga sun ƙunshi farasitamol miligiram 500 ko ibufurofen. Mai ƙara farasitamol a kai don ciwon kai, hantarsa yake ci bashi.

Akwai kuma waɗanda babu ruwansu da shi ko kaɗan: mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, mai farfaɗiya, mai ciwon ƙoda, mai hawan jinin ido, dattijon da fitsari ke masa gardama, da mai shan wasu magungunan ciwon damuwa. Mai ciwon sukari da mai maƙoƙo mai tayar da jiki sai da izinin likita. A Faransa an hana ba wa yaro ɗan ƙasa da shekara 15. A nan na ga uwa ta raba ƙwaya biyu da haƙori ta jiƙa a ludayi ta ɗura wa ɗan shekara 3. Mace mai ciki ba ta sha. Mai shayarwa ma haka, kuma wannan ya kamata a faɗa da babbar murya a ƙasar da nonon uwa shi ne abincin jariri na farko da na ƙarshe: wani ƙaramin bincike da aka yi a Ostireliya a 2003 ya nuna ƙwaya guda ta miligiram 60 ta rage ruwan nono da kusan kashi 24 cikin 100 a wunin. Mata nawa ne aka ce nononsu ya ƙafe don maita ko kambun baka, alhali maganin mura ne mai gida ya sayo musu don tausayi?

Idan bayan an sha mutum ya ji ciwon kai mai tsanani ya sauko masa farat ɗaya kamar tsawa, ko gani ya dushe, ko magana ta karye, ko hannu ya yi nauyi, ko ƙirji ya ɗaure, ko ya rikice, to ba lokacin shafa mai ko neman rubutu ba ne tukuna. A daina maganin a nufi likita nan take, a kuma tafi da katin a nuna. Kada mu manta kuma muna tsakiyar yankin sanƙarau, lokacinsa kuwa shi ne lokacin hazo da zafin da ke biye da shi. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba mura ba ce, kuma kowace awa da aka ɓata ana gwada ja-da-fari, daga ran maras lafiya aka cire ta.

Abin da ya rage wa mai mura ba sabo ba ne, kakanninmu sun san mafi yawansa. A wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta, na farmasi ko wanda aka tafasa ya huce. A sha ruwa da yawa, a sha kunu mai citta, a tada kai da matashi in za a kwanta, a rufe hanci da rawani ko mayafi ranar ƙura, a yi sirace da hankali nesa da yara don gudun ƙuna. A kuma huta. Na san wannan kalma ta ƙarshe ita ce mai wuya. Ma'aikaci yana tsoron shugaban sarwis ya ce lalaci ne, sai ya haɗiyi ƙwaya ya zo biro ya raba wa mutum goma murar da atishawa. Ɗan kasuwa yana tsoron abokin gaba ya riga shi kaya. Amma kwana biyu a ɗaki ya fi wata shida ana juya mutum a tabarma.

Ga ma'aikatar kiwon lafiya da masu farmasi, buƙatata ba ta cin miliyoyi. A sa waɗannan magunguna ƙarƙashin takardar likita, a kuma tabbatar ana bin dokar, domin ni da kaina na shiga wata farmasi a Yamai na nemi ɗaya daga cikinsu, aka miƙo mini ba a tambaye ni ko shekaruna ba, balle na wanda zan kai wa. A wajabta wa kowace farmasi da kowane depo na magani su ajiye abin awon tansiyo a kan kanta, su auna mutum kyauta. Kuɗin na'urar bai kai na buhun shinkafa biyu ba. Tunda gwamnati ta rage kuɗin ganin likita a asibitocinta da rabi daga watan Satumba na 2024, hujjar tsada ta ragu, saura a gaya wa mutane. A faɗa musu da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, a Muryar Sahel da rediyoyin karkara, tun watan Nuwamba kafin iska ta kaɗo, ba da Faransancin taron bita a otel ba. Game da tire kuwa, Nijar na cikin ƙasashe 7 da suka shiga yunƙurin Lome na watan Janairu 2020 don hukunta fataucin jabun magani, Benin kuma ta rushe babbar kasuwar maganin Dantokpa a 2017. Kama yaro mai tire a ƙona kayansa gaban kyamara ba shi ne aikin ba, gobe wani yaron zai ɗauka. Sito ake nema, kuma babu jandarma ko ɗan duwan a Maraɗi ko Birnin Ƙonni da zai rantse bai san hanyarsa ba.

Kawu dai yanzu yana shan maganin hawan jini kullum safiya, yana kuma mitar kuɗinsa kullum yamma. Ya sayi abin awo a Kano ya ajiye a shago, duk wanda ya zo ciniki mai furfura sai ya ce ya miƙo hannu tukuna. A makon farko kaɗai, in ji shi, ya tura mutum huɗu likita, cikinsu har da wani malamin lakwal mai ritaya da ya zo sayen sukari, wanda na'urar ta nuna wa 18 bisa 10 yana ta rantsuwa lafiyarsa ƙalau, mura ce kawai ke damunsa.